Zariya: Littafi na cikin kwamfuta, amma ina yake a kanta?

Ɗakunan karatu na manyan makarantun Najeriya sun shafe kimanin shekaru talatin suna kwashe sunayen littattafansu daga katuna zuwa kwamfuta. Duk da haka akan samu mai neman littafi ya ga sunansa a allon na'ura, amma a rasa wanda zai nuna masa kantar da yake.

A Zariya, garin da ya tara makarantu, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ɗalibin da ya taso daga Ƙofar Kibo a cikin tsohon birni, ya biya kuɗin mota har Samaru don ya duba littafi guda a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ko ya nufi Kongo inda ɗakin karatu na Shugaba Kennedy yake, abu uku yake so ya sani tun kafin ya bar gida: akwai littafin, kwafi nawa ne, kuma yana nan ko wani ya ara.

Amsar tambaya ta farko tana wuri guda, amsar sauran biyun kuma tana wani wurin dabam. Haɗa su shi ne aikin da ma'aikatan laburare ke yi a bayan fage, galibi da wasu gajerun umarni da ake rubuta wa kwamfuta.

Bayani iri biyu

Kowane littafi a ɗakin karatu na da bayani iri biyu.

Na farko shi ne bayanin littafin kansa: sunansa, marubucinsa, maɗaba'ar da ta buga shi, shekarar bugu da yawan shafuka. Wannan bai canjawa daga gari zuwa gari. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a ƙarshen shekarun 1930, bayaninsa ɗaya ne ko a Zariya ko a Landan, muddin bugun ɗaya ne.

Na biyu shi ne bayanin kwafi, wato na wannan littafin da ke hannu: lambar da aka ba shi ranar da ya shigo, lamba mai layi-layi da aka manna a bangonsa, reshen da ya mallake shi, kantar da yake zaune, kuɗin da aka saye shi, da kuma ko ana ba da shi aro.

A ce laburare na da kwafi goma sha biyu na juzu'i na farko na Magana Jari Ce. Abin da ake so shi ne bayanin littafi guda ɗaya, da bayanan kwafi goma sha biyu rataye a jikinsa.

A zamanin katuna, bayanin farko yana cikin akwatunan katako da masu karatu ke ja suna dubawa. Na biyu kuwa yana cikin babbar rajistar shigar littattafai da ke ofis, da kuma jerin katunan da aka tsara bisa yadda littattafai ke jere a kanta. Ma'aikacin da ya daɗe a wurin shi ne ke haɗa su a ƙwaƙwalwarsa. Ranar da ya yi ritaya, wani ɓangare na ilmin ya bi shi gida.

Ƙaura daga manhaja zuwa manhaja

Tsarin da kwamfuta ke amfani da shi wajen adana bayanin littafi ana kiransa MARC. Henriette Avram ce ta jagoranci ƙirƙiro shi a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka a shekarun 1960, kuma a 1999 aka haɗe na Amurka da na Kanada aka samu MARC 21.

A wannan tsari kowane bayani na da gurbinsa mai lamba uku. Sunan marubuci yana gurbi na 100, sunan littafi yana na 245, lambar ISBN tana na 020, sannan gurbi na 001 yana ɗauke da lambar da manhaja ta ba bayanin baki ɗaya.

Wannan ɓangaren masu amfani da MARC 21 sun yi ittifaƙi a kansa. Inda aka rabu shi ne bayanin kwafi, domin kusan kowace manhaja na da inda take ajiye shi da yadda take tsara shi.

Nan ne tarihin jami'o'in Najeriya ya shigo. A shekarun 1990, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta samar wa jami'o'in tarayya manhajar TINLIB a ƙarƙashin wani shirin rancen Bankin Duniya. Ba ta daɗe ba aka fara barinta. Wasu suka koma Alice, wasu GLAS, wasu kuma CDS/ISIS da hukumar UNESCO ke rabawa kyauta.

A shekarun 2000, gidauniyoyin Carnegie da MacArthur na Amurka sun tallafa wa wasu jami'o'i, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello, tare da horo daga cibiyar Mortenson ta Jami'ar Illinois, inda aka ɗauki manhajar Virtua ta kamfanin VTLS. A 2014 wani kamfanin, Innovative Interfaces, ya saye VTLS.

Manhajojin kasuwa da dala ake biyan kuɗin lasisinsu, kuma darajar naira kowa ya san inda ta nufa. Shi ya sa ɗakunan karatu da yawa a ƙasar suka karkata ga Koha, wadda aka rubuta a New Zealand a 1999, ta fara aiki a watan Janairun 2000, kuma ba a biyan kuɗin lasisinta. Kalmar ma a harshen Maori tana nufin kyauta.

Kowace ƙaura irin wannan tana buƙatar a kwashe bayanai daga tsohon gida a zuba a sabo. Sau da yawa abin da ke fitowa daga tsohuwar manhaja fayil biyu ne: ɗaya na bayanan littattafai a tsarin MARC, ɗaya kuma dogon jadawali na kwafi, layi-layi kamar rajista.

Abin da umarnin ke yi

Da hannu ma ana iya haɗa su, amma lissafi ya hana. Idan ma'aikaci na ɗaukar minti biyu a kan kowane kwafi, kwafi 300,000 za su ci sa'o'i 10,000. Mutum ɗaya mai aikin sa'o'i takwas a rana zai yi kwanakin aiki 1,250, wato kusan shekaru biyar, ba tare da yajin aiki ko ɗaukewar wutar lantarki ba.

Umarnin da ake rubutawa da harsunan kwamfuta irin su Perl ko Python kan gama wannan cikin mintuna, kuma sau da yawa bai wuce shafi ɗaya ko biyu ba.

Da farko yakan karanta jadawalin kwafi gaba ɗaya, ya tara layukan rukuni-rukuni bisa lambar littafin da kowanne ke ɗauke da ita. Daga nan sai ya bi bayanan littattafai ɗaya bayan ɗaya, ya duba lambar da ke gurbi na 001, ya nemo rukunin da ya dace da ita. Kowane kwafi da ya samu sai ya buɗe masa sabon gurbi a jikin bayanin littafin.

A Koha wannan gurbi shi ne na 952, kuma yana da ƙananan ɗakuna masu haruffa: "a" na reshen da ya mallaki kwafin, "o" na lambar kanta, "p" na lamba mai layi-layi, "y" na nau'in abin, ko littafin aro ne ko na dubawa a nan take.

A Jamhuriyar Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci an fi cin karo da wani tsarin, UNIMARC, inda sunan littafi ke gurbi na 200, bayanin kwafi kuma ke na 995. Umarnin da aka rubuta a Zariya ba zai yi aiki a Yamai ko Maraɗi ba sai an gyara masa waɗannan lambobi.

Waɗanda ba su iya rubuta umarni ba sukan yi amfani da MarcEdit, wata manhaja ta kyauta da Terry Reese ya fara fitarwa a 1999, wadda ke iya mai da jadawali zuwa MARC ta kuma haɗa fayiloli.

Dabarar ke nan, kuma ba ta da wuyar fahimta. Wahalar tana wajen lambar da aka dogara da ita.

Tarkon lambobi

Kwamfuta ba ta san kusan daidai ba. A Virtua, lambar gurbi na 001 takan fara da haruffan "vtls" sannan lambobi tara, misali vtls000004512. Idan a jadawalin kwafi an rubuta 4512 kawai, na'ura za ta ce waɗannan biyun ba su san juna ba. Dole a koya mata ta cire haruffan da sifilan gaba kafin ta gwada.

Manhajar Excel ma, wadda kusan kowane ofis ke amfani da ita, tana da nata ɓarnar. Idan aka buɗe jadawali da ita ba tare da kula ba, takan share sifilan da ke farkon lamba, ta mai da 000731 ta koma 731. Doguwar lamba kamar ISBN kuma takan nuna ta a taƙaice, kuma idan aka adana fayil ɗin a haka, ƙarshen lambar ya tafi ke nan. Littattafai daban-daban sai su wayi gari da lamba ɗaya.

Idan babu lambar 001 a jadawalin, mutane kan koma ga ISBN. A nan Najeriya na da wani tarko nata na musamman.

Tun watan Janairun 2007 lambar ISBN ta tashi daga lambobi goma zuwa goma sha uku, ta hanyar ƙara 978 a gaba da sake lissafa lambar ƙarshe. To sai dai lambar da aka ware wa Najeriya a matsayin ƙasa ita ma 978 ce. Tsohon littafin Najeriya yana farawa da 978, sabo kuma da 978-978.

Umarnin da aka aro daga wata ƙasa, wanda aka koya wa cewa duk inda ya ga 978 a farko ya yanke, zai yanke wa tsofaffin littattafan Najeriya lambar ƙasarsu. Littattafan Ingila da Amurka za su haɗu lafiya, na gida su watse. Maganin shi ne a sa umarnin ya fara ƙirga tsawon lambar kafin ya taɓa ta.

Ban da haka, ISBN ta zama ƙa'idar duniya ne a 1970. Bugun farko na Ruwan Bagaja, da duk abin da hukumar NORLA ta fitar a Zariya a shekarun 1950, sun riga ta haihuwa. Da yawa daga littattafan adabin kasuwar Kano da suka bunƙasa daga shekarun 1980 ba su ɗauke da ita. Wato littattafan da suka fi wuyar samu a wani wuri su ne suka fi rashin lambar da za a kama su da ita.

Ƙ, ɗ da ɓ

Idan lamba ta gaza, abin da ya rage shi ne a gwada da sunan littafi da na marubuci. A nan haruffan Hausa masu lanƙwasa ke shigowa.

Tsohon tsarin haruffa na MARC, wanda ake kira MARC-8, ba shi da ƙ, ɗ da ɓ. Manyan ɗakunan karatu na Amurka sun daɗe suna maye gurbinsu da harafi mai ɗigo a ƙasa. Mai buga keken rubutu a Zariya kuwa yakan bar harafin haka nan, ko ya sa masa waƙafi a sama.

Sunan Ƙofar Kibo kaɗai zai iya fitowa a siffa huɗu: Ƙofar, Kofar, K'ofar, da kuma Ḳofar mai ɗigo. Bahaushe ya san abu ɗaya ne. Kwamfuta na ganin kalmomi huɗu.

Abin da masu rubuta umarni ke yi shi ne su ƙirƙiri kwafin sunan na wucin gadi, wanda aka sauke wa duk lanƙwasa da ɗigo da waƙafi, su yi gwaji da shi, su bar asalin yadda yake. Amma wannan ma da nasa haɗarin, domin ɗaki da daki, ko ƙafa da kafa, ko ɓata da bata, ba ma'anarsu ɗaya ba. Sakamakon irin wannan gwaji shawara ce kawai, sai mutum mai jin Hausa ya duba ya amince.

Akwai kuma kuskuren da ke faruwa idan aka karanta fayil da tsarin haruffan da ba nasa ba. Kowace ƙ sai ta rikiɗe ta zama wasu baƙaƙe biyu marasa ma'ana. Tsarin UTF-8 na yanzu yana ɗauke da haruffan Hausa da na Larabci duka, amma sai an tabbatar fayilolin biyu a kansa suke kafin a haɗa.

Sunayen marubuta ma haka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana fitowa a matsayin Usuman dan Fodio a kundin Majalisar Dokokin Amurka, da shekarun 1754 zuwa 1817, yayin da masu nazarin Larabci ke rubuta Uthman b. Fudi. Aliyu ɗan Sidi, Sarkin Zazzau kuma mawaƙi wanda Turawa suka tuɓe a 1920, wani zai shigar da shi ƙarƙashin Aliyu, wani ƙarƙashin Dansidi.

Inda tsarin ke karyewa

Duk lissafin da aka yi a sama ya ginu ne a kan cewa littafi ɗaya na da kwafi da yawa. Akwai inda abin ke juyawa.

Ƙananan ƙasidu masu shafi goma ko ashirin, irin waɗanda aka riƙa bugawa lokacin yaƙi da jahilci, laburare kan ɗinke su da yawa a bango guda. Abu ɗaya ne a kanta, da lamba ɗaya, amma littattafai goma ne a ciki. Umarnin da ba a shirya wa wannan ba zai rataya lambar a jikin na farko ya bar tara ba kwafi, ko kuma ya maimaita ta sau goma, sabuwar manhaja ta ƙi karɓa saboda ba ta yarda da lamba ɗaya sau biyu.

Jarida kuma irin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, bayani ɗaya ne da kundaye masu ɗimbin yawa, kuma abin da mai bincike ke so ya sani shi ne wace shekara ce ke akwai, wace ce ta yi giɓi.

Tsarin MARC na gargajiya ma yana da iyaka: bayani ɗaya ba ya wuce ma'aunin harafi 99,999. Littafin darasi mai ɗaruruwan kwafi na iya tsallake wannan iyaka, fayil ɗin ya lalace daga nan. Akan kauce wa haka ta hanyar amfani da siffar MARCXML, wadda ba ta da wannan ƙaidi.

Ƙirga kafin, ƙirga bayan

Ƙwararru a wannan fanni sun fi damuwa da abin da umarni ya kasa haɗawa fiye da abin da ya haɗa.

Idan jadawali ya shiga da layi 300,000, dole adadin waɗanda suka samu gida da na waɗanda ba su samu ba su tashi 300,000 cif. Umarni mai kyau yakan fitar da fayil na musamman na marayun kwafi, waɗanda ba a gano littafinsu ba, da wani na littattafan da ba a samu kwafinsu ko ɗaya ba. Mummunan umarni shi ne wanda ke zubar da su shiru, ya ba da rahoton cewa komai ya tafi daidai.

Akan kuma fara gwaji da bayanai 'yan ɗari a wata kwamfuta ta daban, a ɗauki littattafai daga kanta a gwada su da abin da allo ya nuna, sannan a ajiye asalin fayilolin a wurin da ba za a taɓa su ba.

Muhimmancin wannan yakan fito ne ranar masifa. A watan Oktoban 2016 gobara ta cinye ɗakin karatu na Jami'ar Jos da ke Naraguta. A watan Janairun 2013 an ƙona dubban rubuce-rubucen hannu a cibiyar Ahmed Baba ta Tumbuktu. A Oktoban 2023 kuma masu kutse sun durƙusar da kwamfutocin ɗakin karatu na Birtaniya, babban kundinsa bai dawo intanet ba sai a Janairun 2024. A kowane irin hali, bayanin kwafi ne ke iya nuna abin da ke ginin da abin da aka rasa.

Sai dai akwai abin da umarni ba zai taɓa sani ba. Rajista na iya cewa kwafi goma sha biyu ne, alhali gara ta ci biyu, ruwan sama ya lalata ɗaya, uku kuma suna gidajen waɗanda suka ara tun 1985. Wannan sai an bi kanta-kanta da ƙafa.

Littattafan cikin ganuwa

A cikin birnin Zazzau, daga Ƙofar Kibo zuwa Unguwar Juma da Kona, akwai gidajen malamai da ke riƙe da littattafan Larabci da na ajami da aka rubuta da hannu, cikin gafaka, an gada kaka da kakanni.

A rubutun hannu, bambancin littafi da kwafi ya fi kaifi. Littafi ɗaya na Abdullahi ɗan Fodiyo na iya samuwa a gidaje da yawa, amma kowane kwafi da hannun da ya rubuta shi, da sharhin da malamai suka yi a gefen shafi, da irin takardarsa. Takarda mai tambarin jinjirin wata uku, wadda aka riƙa shigowa da ita daga Italiya ta hamada, tana taimaka wa masana wajen ƙiyasta zamanin rubutu. Kuma da yake warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, gafaka ɗaya kan ƙunshi littattafai da dama, wani lokaci a cakuɗe.

Shirin binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello ya fara tattara irin waɗannan tun shekarun 1960, haka ma Gidan Arewa da Abdullahi Smith ya kafa a Kaduna a 1970. John Hunwick ya fitar da juzu'i na biyu na kundin Arabic Literature of Africa a 1995, inda ya jera marubutan wannan yanki da wuraren da kwafin ayyukansu suke.

Charles Stewart na Jami'ar Illinois kuma tun ƙarshen shekarun 1980 ya fara wani rumbun bayanai daga wani laburaren iyali a Butilimit ta Muritaniya, wanda daga baya ya haɗo jerin rubuce-rubucen Yamai da Tumbuktu da Segu, da kuma tarin Malam Umaru Falke na Kano, mai abubuwa fiye da 3,000, da ke Jami'ar Northwestern. Babban aikin da ya ci lokaci a wurin shi ne daidaita sunayen marubuta da na littattafai da kowace cibiya ta rubuta yadda ta ga dama.

Shirin ceto takardun tarihi na ɗakin karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004 kuma ya ɗauki nauyin ayyuka a arewacin Najeriya, yana barin asalin takardu a ƙasarsu, ya ɗauki hotunansu kawai. Kowane aiki yakan miƙa abu biyu: dubban hotuna, da jadawalin da ke bayyana su. Abin da ke haɗa su shi ne lambar da aka sa wa kowane babban fayil na hotuna, wadda dole ta yi daidai da ta layinsa a jadawali, harafi da harafi.

Iyalin da ke son a san abin da ke cikin gafakokinsu na iya farawa da littafin rubutu na makaranta: kowace gafaka a ba ta lamba, a rubuta lambar a 'yar takarda a sa a ciki, sannan a jera sunan kowane littafi da ke ciki, da kalmominsa na farko, da yawan warƙoƙinsa.